Darasi: Makarantar Da Kake So, Ko Wadda Za A Biya Maka?

Darasinmu na wannan wata a kan zaɓi ne. A ce saurayi ko budurwa daga Gaya ko Ajingi ya sami wuri a makarantar da ransa ke so, amma mahaifinsa ne zai biya. Ga kuma wata makaranta can nesa, inda aka ce za a biya masa kome, watau sukolashif. Wace zai ɗauka? Maganar ba ƙarama ba ce, gama gonar gida da karatun ƙanne suna cikinta.

Irin wannan kyauta ba baƙuwa ba ce a Kano. A 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta zaɓi ɗalibai 501 domin ƙaro ilimi a ƙasashen waje. A 2023 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta shirya aika 1,001 zuwa Indiya da Yuganda domin digiri na biyu. Kusa da gida kuwa akwai jami'ar Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, da ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Bayero a Kano. Bari mu duba abu uku da ya kamata a auna.

Na fari, wane ne zai biya? Kuɗin makaranta ba shi ne duka ba. Akwai ɗaki, da abinci, da littattafai, da kuɗin mota, har shekara huɗu ko biyar. A rubuta su duka a takarda, a zauna da iyaye a lissafa. Idan gero da gyaɗan da aka ajiye za su isa, to, madalla. Idan kuwa sai an sayar da gona, ko an fitar da ƙanwa daga makaranta, ashe zaɓin ba na mutum ɗaya ba ne. Tun 2024 gwamnatin tarayya tana ba da rancen karatu marar ruwa ta hukumar NELFUND. Taimako ne, amma a tuna bashi ne, ranar biya tana zuwa.

Na biyu, alkawarin zai kai ƙarshe? Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Waɗansu ɗaliban Kano da aka aika tsibirin Kubrus sun gama karatu, amma aka riƙe takardunsu shekaru saboda bashin da ba a biya ba, sai a 2025 gwamnatin jihar ta biya. A 2024 an rage kuɗin wata na ɗaliban da gwamnatin tarayya ta aika ƙasashe kamar Maroko da Rasha. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya tashi a Sudan, ɗalibanmu suka bar karatu suka dawo gida. Saboda haka a nemi alkawarin a rubuce. A tambaya ko ya haɗa da kuɗin jirgi da na ci, ko kuɗin makaranta kaɗai ne, da abin da zai faru idan ɗalibi ya faɗi jarrabawa.

Na uku, ina karatun zai kai ka? Wanda ya koyi aikin likita a waje ba zai taɓa majinyaci a Nijeriya ba sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa. Wanda ya karanta shari'a a waje kuma, sai ya yi ƙarin karatu a makarantar horon lauyoyi. Haka nan, idan kyautar ta fannin da ba ka iyawa ce, za ka sha wuya shekaru, wataƙila ka dawo hannu wofi.

To, ga abin da muka koya. Ƙin kyauta yana da kyau idan fannin da kake bukata ba ya can, ko alkawarin ba shi da tushe, gidanku kuma zai iya ɗaukar nauyin ba tare da cutar kowa ba. Amma idan dalilinka sunan makaranta ne kawai, ko abokanka suna can, ka karɓi kyautar da godiya. Sunan makaranta ba ya yi wa kowa karatu. Ku iyaye kuma, kada ku tilasta wa yaro domin kun ji an ce kyauta. Ku ji dalilinsa tukuna.

Tambayoyi

1. Waɗanne kuɗi ne akan manta da su wajen lissafi?
2. Me ya sami ɗaliban da aka aika Kubrus?
3. Mene ne bambancin rance da kyauta?
4. Idan ƙaninka ne zai bar makaranta dominka, me za ka zaɓa?