Tsara Layukan Fita Na Tarhon Ofis

Kusan kowane babban ofis yana da akwatin rarraba tarho, wanda masana suke kira PABX. Aikinsa shi ne ya haɗa wayoyin da ke kan teburan ma'aikata da 'yan layukan da kamfanin tarho ya ba ofis ɗin. Wayoyin tebur ana kiransu rassa, layukan kamfani kuwa su ne layukan fita. Ofis mai rassa 40 yana iya zama da layukan fita 4 kacal. Ke nan mutum huɗu ne kawai za su iya magana da waje a lokaci guda. Don haka wajibi ne a tsara su da lura.

Lambar Neman Layi

Idan reshe zai kira reshe, lambar cikin gida kawai ake bugawa, kuma ba a biyan ko kwabo. Amma mai son kiran waje sai ya fara danna lambar neman layi, wadda galibi 9 ce. Akwatin zai kama masa layin da babu kowa a kai, ya yar da 9 ɗin, sa'an nan ya aika da sauran lambobin. Saboda haka kada a ba wani reshe lambar da ta fara da 9, domin akwatin zai ɗauka waje ake nema.

Lambobin Da Aka Canja

A zamanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, lambar Legas 01 ce, ta Abuja 09, ta Kaduna 062, ta Kano 064. Daga 1 ga Janairu 2024 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta ƙara 02 a farkon lambobin tarhon girke. Legas ta koma 0201, Abuja 0209, Kaduna 02062, Kano 02064. Akwatin da aka tsara kafin wannan canji yana iya ƙin sababbin lambobin, ko ya katse su kafin a gama bugawa. Maganin wannan shi ne a gyara ƙa'idar bugawa da ke cikinsa, da dukan lambobin da aka ajiye masa. Haka kuma a tabbata yana karɓar lambar wayar hannu mai alƙaluma 11, irin masu farawa da 070 ko 080 ko 090.

Wa Zai Kira Ina?

Ya kamata shugaban ofis ya kasa rassa kashi uku. Kashi na farko, kamar wayar maigadi da ta ɗakin jira, cikin gida kaɗai za su kira. Na biyu su kira ko'ina cikin Nijeriya. Na uku, na waɗanda aikinsu ya shafi ƙasashen waje, su ne za a buɗe wa lambobin ƙetare, kamar 227 ta Nijar, da 233 ta Ghana, da 237 ta Kamaru.

Amma lamba guda ba a rufe wa kowa ita, watau 112, lambar neman agajin gaggawa, wadda kyauta ce. In gobara ta tashi da dare, maigadi ne kawai yake nan. Idan wayarsa ba ta fita, asarar ba ta tsaya ga takardu ba, har rai yana iya salwanta.

Tsaron Akwati

Kowane akwati yana zuwa da lambar sirri ta masana'anta, kuma ɓarayi sun san ta. Akwatunan yanzu da yawa ta intanet suke aiki, saboda haka ɓarawo yana iya shiga daga nesa, ya kwana yana buga waya ƙetare, kuɗin kuwa ofis zai biya. A canja lambar sirrin tun ranar da aka kafa akwatin, a kuma riƙa duba lissafin kira kowane wata.

Bayan kowane gyara, sai mai kula da tarho ya gwada daga reshe ɗaya na kowane kashi, ya rubuta tsarin a littafi, domin wanda zai gaje shi. Kuɗin da ake biyan tarhon ofis ɗin gwamnati daga aljihun talakawa ya fito, kuma rigakafi ya fi magani.