An Cire Kuɗi Ba Su Shiga Ba: Yadda Ake Farfaɗo Da Rumbun Bayanai Idan Manajansa Ya Rasa Kundi

Misali mai sayar da gero a Tungar Daji ya tura wa ƙaninsa da ke Gummi ₦20,000 ta wurin mai POS. An cire kuɗin, can kuma shiru. Yawanci sabis ake ɗora wa laifi, amma wani lokaci matsalar tana cikin rumbun bayanai ne.

Manyan manhajoji ba sa tara bayanai a kwamfuta ɗaya. Asusun wannan yana wata saba, na wancan yana wata. Don kada a cire nan a kasa zubawa can, ana bin tsari mai mataki biyu, wanda Jim Gray ya yi bayaninsa a 1978. Manajan ciniki, kamar dillali a kasuwar shanu, zai tambayi kowace saba ko ta shirya. Kowacce ta rubuta alkawarinta ta kulle asusun. Daga nan manajan ya rubuta hukunci a kundinsa, ya ce a zartar ko a soke.

Idan faifan manajan ya lalace tsakanin matakan nan biyu, sabobin da suka yi alkawari ba su da ikon yanke hukunci da kansu, asusun kuma zai zauna a kulle. A Postgres-XL akwai ƙarin haɗari: GTM, mai raba lambobin ciniki, yana ajiye inda ya tsaya a fayil ɗin gtm.control. Idan aka tashe shi daga lambar baya, bayanan da ke nan lafiya za su iya daina bayyana.

Matakan gyara:

1. A dakatar da duk wani sabon rubutu, a kwafi faifan kowace saba kafin a taɓa komai.

2. A kowace saba a duba pg_prepared_xacts, wanda PostgreSQL ke da shi tun sigar 8.1 ta 2005. Zai jero cinikin da ya maƙale, kowanne da sunansa.

3. A kwatanta sabobin ta hanyar kundin WAL ɗinsu. Idan ko ɗaya ta riga ta zartar da cinikin, a yi COMMIT PREPARED a sauran. Idan ɗaya ta soke, ko ba ta taɓa yin alkawari ba, sai ROLLBACK PREPARED. Idan duk suna jira, a duba abin da aka shaida wa kwastoma, sannan a yanke hukunci iri ɗaya a ko'ina.

4. A yi amfani da pg_controldata a karanta NextXID na kowace saba, a ɗauki mafi girma, a tashi GTM daga lambar da ta wuce ta.

5. A tabbatar jimillar abin da aka cire ta yi daidai da abin da aka zuba, sannan a buɗe wa jama'a.

Babban kuskure shi ne soke komai cikin gaggawa don kulle ya buɗe. Nan ne kuɗi ke ɓacewa a wani asusu ko su ninku a wani. Rigakafin shi ne a ajiye GTM na biyu a wata kwamfuta daban, a riƙa gwada shi.

Shi kuwa mai gero, ya adana rasit ɗinsa, kada ya yi saurin sake turawa. Lambar da ke jikin takardar nan ce za a bi a gano inda kuɗinsa suka tsaya.