Tsutsotsi a Tankin Kifin Ado: Duba Kafin Ka Zuba Magani

Duk mai kiwon kifin ado a tankin gilashi, komai daren daɗewa, wata rana zai kunna fitila ya ga wasu fararen abubuwa sirara suna mutsu-mutsu a jikin gilashi ko suna lilo a tsakiyar ruwa. Abin da yakan biyo baya shi ne gaggawa. A kwashe kifi a zuba a bokiti, a zubar da ruwan kaf, a wanke tsakuwa da omo, ko kuma a ruga kasuwa neman magani. Wannan gaggawar ta fi tsutsotsin kashe kifi. Don haka kafin ka taɓa komai, ɗauko tocila ko wayarka, ka matsa kusa da gilashin, ka ƙare wa tsutsar kallo. Siffarta da yadda take tafiya su ne za su gaya maka abin yi.

Wadda aka fi gani fara ce, siririya, kaurinta bai wuce na gashi ba, kuma tana lanƙwashe jiki tana wutsil-wutsil idan tana iyo. Wannan dangin tana ce, irin wadda ake tonowa a lambu, sai dai ita ta ruwa ce. Ba ta cizon kifi, ba ta shiga cikinsa. Abincinta ragowar abincin kifi ne da kashinsa da ruɓaɓɓen ganye. Kusan kowane tanki da ya kwana biyu yana da ita a ƙarƙashin tsakuwa, mai shi ne kawai bai sani ba. Abu biyu ke fito da ita fili: ko abinci ya yi mata yawa har ta hayayyafa fiye da kima, ko iskar oksijin ta yi ƙaranci a ƙasan tankin ta taso neman numfashi.

Na biyun nan ya shafe mu ƙwarai. Idan aka ɗauke wuta, injin iska da na tace ruwa sun tsaya ke nan, ga shi kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi. Shi ya sa a watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, mutum zai wayi gari bayan daren da ba wuta ya tarar da tsutsotsi sun hau gilashi, kifaye kuma sun taru a sama suna buɗe baki. Ranar da ka ga haka, kifin ne abin ji. Ɗebi ruwan tankin da kofi ka riƙa kwararo shi daga sama domin iska ta shiga, sannan ka yi ƙoƙarin mallakar ƙaramin injin iska mai batir. Kuɗinsa bai kai asarar kifayen ba.

Maganin wannan farar tsutsa shi ne yunwa. Yawancinmu muna ba kifi abinci fiye da buƙatarsa, musamman a gidan da ke da yara, inda kowa ya zo wucewa sai ya barbaɗa. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin ciyarwa, a ɗauke gwangwanin abincin daga inda hannun yara zai kai. Ka ba su abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya a rana, abin da ya rage ka kwashe. Lafiyayyen babban kifi ba abin da zai same shi don ya yi kwana biyu bai ci ba, don haka kana iya fara gyaran da hana abinci na kwana biyu. Kifaye irin su gofi da moli da gurami za su juya kan tsutsotsin su yi ta tsinta.

Sai kuma sharar tsakuwa, wadda ita ce ainihin aikin. Sami siririn tiyo, ka cika shi da ruwa, ka sa baki ɗaya cikin tanki, ɗayan kuma cikin bokiti a ƙasa. Ruwa zai riƙa gangarowa da kansa. Ka riƙa cusa bakin tiyon cikin tsakuwa wuri-wuri, za ka ga baƙin datti yana bi tare da tsutsotsin. Kada ka zuƙe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a lokaci guda, kuma kada ka share ƙasan tankin duka rana ɗaya. Yi rabi wannan makon, rabi mako mai zuwa. Ruwan da za ka mayar, in na famfo ne, yana iya zuwa da sinadarin kulorin, wanda ke kashe kifi. Sa masa maganin cire kulorin da masu sayar da kifin ado ke sayarwa, ko aƙalla ka bar shi a buɗe ya kwana. In na burtsatse ne da ya wuni a tankin saman rufi, bari ya huce tukuna, ka taɓa da hannu ka ji ɗuminsa ya yi daidai da na tankin kifin.

Dalilin da nake hana wankin tas shi ne akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna zaune a jikin tsakuwa da soson matatar ruwa. Su ne ke sarrafa amoniyar da ke fita daga kashin kifi, wadda guba ce, su mai da ita wani sinadari mai sauƙin illa. Sukan ɗauki makonni kafin su kafu. Wanda ya wanke komai da sabulu ya kashe su, kuma bayan 'yan kwanaki kifayensa za su fara mutuwa a cikin ruwa garai-garai, ya rasa dalili. Soson matata ma a cikin tsohon ruwan da ka zuƙo a bokiti za ka matse shi, ba a bakin famfo ba.

Akwai wata tsutsar da ta bambanta, kuma ita ce ta cancanci damuwa. Sunanta fulanariya. Jikinta a shimfiɗe yake, ba ta wutsil-wutsil, sulalewa take yi a jikin gilashi a hankali. Tsawonta bai cika wuce santimita ɗaya ba, fara ce ko ruwan ƙasa. Alamarta ita ce kai mai kusurwa uku kamar kan mashi, da ɗigo biyu na idanu. In ka ga mai sulalewa amma kanta a zagaye yake, wata 'yar uwarta ce marar cutarwa, ka ƙyale ta. Fulanariya nama take ci. Babban kifi ya fi ƙarfinta, amma tana cin ƙwan kifi, tana kuma far wa ƙananan jatan lande na ado da dodon koɗi. Wanda ke son kifinsa ya hayayyafa ba zai zauna da ita ba.

Kada ka murƙushe ta a jikin gilashi. Wannan halitta in aka yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tana iya zama sabuwar tsutsa cikakkiya, abin da ya sa masana kimiyya suka daɗe suna nazari a kanta. Tarko ake yi mata. Sami ƙaramar robar ruwa mai murfi, ka huda ƙananan ƙofofi a gindinta da allura mai zafi, ka jefa ɗan guntun ɗanyen nama ko kifi a ciki, ka cika ta da ruwan tankin, ka dasa ta a kan tsakuwa da dare bayan ka kashe fitila. Da asuba ka ciro, ka zuba wa abin da ya shiga tafasasshen ruwa. Naman kada ya wuce dare ɗaya a ciki, domin zai ɓata ruwa. Ka maimaita har sai tarkon ya riƙa fitowa wayam.

Idan sun yi yawan da tarko ya kasa, akwai maganin tsutsar cikin dabbobi mai suna fenbendazol, wanda ake sayarwa da sunan Panacur. Yana kashe fulanariya, kuma ɗan kaɗan ake sawa: masu kiwo sukan auna giram 0.1 na garin da ake ba karnuka ga lita 40 na ruwa. Na ruwa da ake ɗura wa awaki da tumaki ƙarfinsa daban ne, don haka kada ka yi masa wannan awo, ka nemi likitan dabbobi ya lissafa maka. Kafin ka zuba, cire dodon koɗin da kake so, domin maganin yana kashe wasu daga cikinsu, kuma ka cire gawayin da ke cikin matata, in ba haka ba zai shanye maganin. Bayan kwana biyu ka zuƙe gawarwakin ka canja wani ɓangare na ruwan, saboda ruɓewarsu tana tayar da amoniya.

Inda ba a jira shi ne idan tsutsar a jikin kifi take. Jajayen zarurruka da ke leƙowa daga duburar kifi, shi kuma yana ramewa, tsutsar hanji ce da ake kira kamalanus. Tana yaɗuwa, don haka tankin duka ake yi wa magani da lebamisol ko fenbendazol, a zuƙe ƙasa sosai washegari, a kuma maimaita bayan mako biyu zuwa uku. Rage abinci ba zai yi komai a nan ba.

Wata matsalar kuma ba ta kifi ba ce, ta mutanen gida ce. In ka ga masu ɗan duhu suna rataye a saman ruwa kai a ƙasa, ka taɓa su nutse da sauri, 'ya'yan sauro ne. A tanki mai kifi ba sa kai labari, cinye su ake yi. Amma tankin da aka bari da ruwa ba kifi, ko bokitin da ka ajiye ruwan canji ya yi kwanaki a buɗe, nan sauro zai ƙyanƙyashe a cikin ɗakinka. Rufe shi da yadi ko raga. Kuma don Allah ko kusa kada fiya-fiya ko wani maganin ƙwari ya je wajen tanki. Ɗigo kaɗan ya isa ya kashe kifin da ke ciki gaba ɗaya. Ranar da za a yi feshin sauro a ɗakin, a kashe injin iska, a lulluɓe tankin da leda ko jiƙaƙƙen zane, sai warin ya fita a buɗe.

Yawancin baƙin tsutsotsi da sabon kaya suke shigowa. Kainuwar da aka tsinko a kududdufi da yashin da aka ɗebo a rafi sukan zo da fulanariya da matsattsaku da ƙwan ƙwari. Yashi da tsakuwa a wanke su a tafasa kafin a zuba. Tsiro a ajiye shi a wani mazubi daban na mako biyu ana dubawa. Sabon kifi kuma ya zauna shi kaɗai mako uku zuwa huɗu, kana lura da kashinsa da cin abincinsa, kuma ruwan ledar da aka kawo shi a ciki a zubar da shi waje, kada ya shiga tankinka.