Amsoshin Tambayoyinku: Za a cire mini maƙoƙo, ina tsoron rasa murya

Tambaya: Shekara shida ke nan ina fama da maƙoƙo, yanzu idan na kwanta rigingine sai in ji kamar ana shaƙe ni. Likita ya ce sai an yi tiyata an cire shi gaba ɗaya. Maƙwabta sun cika ni da tsoro, wai muryata za ta tafi, wai na gama haihuwa. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata uwar 'ya'ya uku, Badarawa, Kaduna.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya.

Abin da ya kumbura a wuyanki shi likitoci ke kira tairod. Yana gaban maƙogwaro, siffarsa kamar malam-buɗe-littafi, kuma shi ke fitar da sinadarin da ke saita bugun zuciya, ɗumin jiki da kuzari. Maƙoƙon da ya kai ga danne hanyar numfashi, babu jiƙo ko tsaga da za su sa ya sace. Aikin kuma ba sabo ba ne, tun 1909 likitan Suwizalan Theodor Kocher ya karɓi kyautar Nobel a kansa. A kusa da ke akwai likitocin fiɗa a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Maganar murya tana da tushe, an dai ƙara mata gishiri ne. Jijiyoyin da ke motsa murya suna bi ta bayan tairod, likita kan lallaɓa ya kauce musu. Wasu kan tashi da dushewar murya ta kwanaki ko makonni, sannan ta washe. Waɗanda tasu ke dawwama a dushe kaɗan ne ƙwarai.

Abu biyu nake so ki riƙe, ki kuma faɗa wa mai jinyarki. Na farko, idan wuyan ya fara kumbura numfashi na yi miki wuya, musamman a ranar farko bayan tiyata, a kira ma'aikatan jinya nan take, ko tsakar dare ne. Na biyu, a bayan tairod akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace kamar ƙwayar shinkafa, masu kula da kalsiyam na jini. Sukan gigice bayan tiyata. Idan kin ji kamar kiyashi na yawo a leɓɓanki da kan yatsunki, ko yatsun suna ƙandarewa, kada ki ce gajiya ce. Ki faɗa, akwai maganinsa.

Yawanci kwana ɗaya zuwa uku ake yi a asibiti. A gida ki fara da koko, kunu da fate, kada su yi zafi sosai. Daka da ɗaukar jarkar ruwa ki bar wa yara har mako biyu. Idan sujada tana ja miki ɗinki, ki yi salla a zaune.

Inda na fi jin tsoro shi ne bayan an warke. Wanda aka cire wa tairod duka zai sha ƙwayar Levothyroxine kullum har ƙarshen rayuwa, ita ce ke maye gurbin abin da aka cire. Da asuba za ki sha da ruwa zalla, ciki babu komai, ki jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo. Maganin ƙarin jini da na kalsiyam ki ba su tazarar awa huɗu. Bayan mako shida zuwa takwas za a yi gwajin jini na TSH a daidaita miki adadin. Mutum kan ji garau ya ajiye ƙwayar, sai a hankali kasala, jin sanyi, ƙiba, bushewar ciki da mantuwa su lulluɓe shi, a yi ta neman dalili a wani wuri. Da azumi ma ba a barinta, likita zai sauya miki lokaci.

Haihuwa kuwa tana nan, muddin sinadarin ya daidaita. Sai dai da kin ga kin yi ɓatan wata ki garzaya asibiti, domin mai ciki kan buƙaci ƙarin adadi tun farko, saboda ƙwaƙwalwar jaririn.

Ki je a yi aikin, 'yar'uwa. Kuma ranar sallama, kada ki hau Keke Napep ɗin Badarawa sai ƙwayar tana cikin jakarki.