Jaje Tsakanin Maƙwabta Masu Gaba: Gudummawar Ambaliya a Huldar Indiya da Pakistan, 2010–2025

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi tayin agaji da saƙonnin jaje da suka gudana tsakanin Indiya da Pakistan a lokutan ambaliyar ruwa ta 2010 da 2014 da 2022 da 2025. Manufarta ita ce gano ko gudummawar da gwamnati ke miƙa wa abokiyar gabarta tana iya zama tubalin sulhu. An auna al'amarin da ma'aunin da Bahaushe ke bambanta sadaka da biki.

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen watan Yuli na 2010 aka tafka ruwan sama a lardin Khyber Pakhtunkhwa na Pakistan, Kogin Indus ya cika ya batse, ya gangara kudu ta Punjab da Sindh. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar ya shiga ruwa, mutane wajen miliyan 20 abin ya shafa, kusan 2,000 suka rasu. Masifar ta zo a lokacin da dangantaka da Indiya ta yi tsami. Tun harin birnin Mumbai na Nuwamba 2008, wanda ya hallaka mutane 166, Indiya ta dakatar da tattaunawa, kuma ganawar da ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu suka yi a Islamabad a tsakiyar Yulin 2010 an tashi baram-baram.

Masanin nan Ilan Kelman, a littafinsa na 2012 kan diflomasiyyar bala'o'i, ya nuna cewa bala'i yakan iza tattaunawar da aka riga aka fara, amma da wuya ya haifar da sabuwa. Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne Aceh ta Indonesiya, inda ambaliyar teku ta Disamba 2004 ta gaggauta yarjejeniyar Helsinki ta 15 ga Agusta 2005, alhali tuntuɓar juna a asirce ta riga ruwan zuwa. A Siri Lanka kuwa, wadda ambaliyar nan ɗaya ta afka wa, rabon kayan agajin ne ma ya zama abin jayayya, yaƙi ya dawo a 2006.

2.0 Sadaka ko Biki: Tayin 2010

Harshen Hausa ya tanadi kalmomin da za su taimaka a nan. Sadaka daga sama take gangarowa ƙasa, ba a sa ran a rama ta, kuma mai karɓa ya amsa cewa shi mabuƙaci ne. Biki kuwa, irin wanda mata ke yi wa juna a suna ko aure, tsakanin tsara yake gudana, kuma bashi ne da za a rama, galibi har da ƙari. Wanda ya karɓi biki ya yarda ke nan da zumunci mai ɗorewa. Gwamnatin da abokiyar gabarta ta miƙo wa gudummawa tana tsakanin waɗannan biyun: in ta ɗauke ta sadaka, ta zubar da girmanta a idon jama'arta, in ta ɗauke ta biki, ta ɗaura wa kanta zumuncin da ba ta shirya ba.

Wannan shi ne ya bayyana jan ƙafar da aka gani. Ranar 13 ga Agusta 2010 ministan harkokin wajen Indiya, S. M. Krishna, ya yi wa takwaransa Shah Mahmood Qureshi tayin dala miliyan 5. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka dubi girman ɓarnar, amma sai da Pakistan ta shafe kusan mako guda tana shawara, a daidai lokacin da take roƙon duniya taimako. Sai bayan da Firaminista Manmohan Singh ya buga wa Yusuf Raza Gilani waya aka sanar da amincewa, daga baya kuma aka buƙaci a bi da kuɗin ta hannun Majalisar Ɗinkin Duniya. A ƙarshen watan Indiya ta ɗaga adadin zuwa dala miliyan 25: miliyan 20 ga asusun agajin gaggawa na Majalisar, miliyan 5 ga Hukumar Abinci ta Duniya.

Sharaɗin nan dabara ce mai kyau ta fuskar jinƙai, domin abinci ya isa ga mabuƙata. Ta fuskar sulhu kuwa, ya tsame kyautar daga ma'anarta. Buhun da ya isa sansanin 'yan gudun hijira a Sindh da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya ya isa, wanda ya ci bai san hannun da ya bayar ba, gwamnati kuma ba ta ci bashin kowa ba. Gaskiya ne an koma teburin tattaunawa bayan ganawar Thimphu ta Fabrairu 2011, har Gilani ya je Mohali kallon wasan kurket a watan Maris. Sai dai danganta hakan da agajin ambaliya zai zama rinto, saboda shugabannin biyu sun riga sun amince a farfaɗo da magana tun Afrilu 2010, watanni uku kafin ruwan.

3.0 Daga Wasiƙa zuwa Saƙon Intanet

Abin da ya biyo baya bai kai na 2010 ba. A Satumba 2014 Kogin Jhelum ya mamaye birnin Srinagar, ambaliyar ta shafi ɓangarorin Kashmir biyu. Narendra Modi da Nawaz Sharif suka yi musayar wasiƙu, kowa yana yi wa ɗan'uwansa tayin taimako. Cikin watan Oktoba aka yi ta ruwan harsasai a kan iyaka, fararen hula suka mutu a ɓangarorin biyu. A 2022, da ambaliya ta shafi mutane miliyan 33 a Pakistan, ta kashe fiye da 1,700, jajen Modi a shafin Twitter ya tsaya. Ministan kuɗin Pakistan na lokacin, Miftah Ismail, ya ambaci yiwuwar shigo da kayan miya daga Indiya, amma cinikin da aka rufe tun Agusta 2019, bayan soke matsayin musamman na Kashmir, bai buɗu ba.

4.0 Yarjejeniyar Ruwa da Gargaɗin 2025

Abin lura shi ne, taimakon da ya fi amfanar talakan bakin kogi a tsawon shekarun nan ba kyauta ba ne, wajibi ne da aka rubuta. Yarjejeniyar Ruwan Indus, wadda Jawaharlal Nehru da Ayub Khan suka sa wa hannu a Karachi a Satumba 1960 da shiga tsakanin Bankin Duniya, ta bai wa Indiya kogunan Ravi da Beas da Sutlej, ta bar wa Pakistan Indus da Jhelum da Chenab. Ta kuma kafa hukuma ta dindindin mai kwamishina daga kowace ƙasa, wadda ta hanyarta aka riƙa musayar bayanan yawan ruwa. Da yake kogunan ta ƙasar Indiya suke ratsowa kafin su shiga Punjab ta Pakistan, gargaɗin sa'o'i kaɗan yana iya zama bambanci tsakanin kwashe ƙauye da binne mutanensa. Tsarin ya tsallake yaƙin 1965 da na 1971 da rikicin Kargil na 1999, domin babu wanda ke jin an yi masa alfarma in aka ba shi haƙƙinsa.

A Afrilu 2025, bayan harin Pahalgam da ya kashe mutane 26, Indiya ta sanar da jingine yarjejeniyar, aka kuma gwabza faɗa na kwana huɗu a watan Mayu. Da damina ta yi ƙarfi a Agusta, Indiya ta aika da gargaɗin ambaliyar Kogin Tawi ta ofishin jakadancinta da ke Islamabad, ta ce ta yi hakan ne saboda jinƙai. Hukumomin Punjab sun kwashe mutane daga bakin koguna. Ma'aikatar harkokin wajen Pakistan ta tabbatar da samun saƙon, amma ta dage cewa ta hannun hukumar Indus ya kamata ya biyo. Duk wanda ya fahimci bambancin sadaka da haƙƙi zai gane dalilin ƙorafin: bayanin da Pakistan ta shafe shekaru tana karɓa a matsayin nata, yanzu alheri ne da mai shi zai bayar bana, ya hana baɗi in ya ga dama, kuma manoman gaɓar Chenab da Ravi da Sutlej ne ke ƙarƙashin wannan ganin damar.