Rancen Da Uba Ya Ba Ɗansa Don Sayen Gida

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, sau da yawa uba yakan ranta wa ɗansa kuɗi ya sayi gida, amma kunya ta hana a rubuta. Ran da uban ya cika, ɗan ya ce kyauta ce, sauran magada su ce bashi ne, sai zumunci ya ƙare a gaban alƙali.

Allah Maɗaukaki Ya riga Ya ba mu maganin wannan a aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani. Ya yi umurni a rubuta bashin da aka yanke wa lokaci, kaɗan ne ko mai yawa, a kuma kafa shaidu maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu. Bai keɓe uba da ɗa ba.

Da farko uban ya bayyana niyyarsa. In kyauta ce, ya tuna Annabi (S.A.W.) ya ƙi zama shaida ga kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashiru ya yi masa shi kaɗai ban da 'yan'uwansa. In rance ne, a rubuta adadinsa da lokacin biya. Shaidun kuwa a nemo su a waje, domin a mazhabar Maliku ba a karɓar shaidar ɗa ga ubansa, ko ta uba ga ɗansa.

Aya ta 283 ta halatta jingina, amma Risala ta nuna ba ta cika sai an karɓi abin. Gidan da ɗan yake ciki bai fita hannunsa ba, saboda haka gwamma ya jinginar da gona ko fili, a damƙa wa uban ko wani amini. Kada uban ya sharɗanta ƙari ko cin amfanin gonar, gama rancen da ya jawo amfani riba ne.

In uban ya rasu, bashin ya shiga gado. Misali, ya ranta naira miliyan 6, ya bar 'ya'ya maza biyu da mata biyu kaɗai. Kowane namiji yana da miliyan 2, kowace mace miliyan 1. Mai gidan zai cire rabonsa, ya biya 'yan'uwansa miliyan 4.

Wanda yake son yafewa, ya yafe yana da lafiya, gaban shaidu, yana mai kiyaye adalci tsakanin 'ya'yansa. Yafewar da aka yi cikin ciwon ajali hukuncinta na wasiyya ne, ba kuwa wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda.

Kai kuma ɗa, kada ka ga rubutu rashin yarda ne. Kariya ce gare ka, da marayun da za su tsaya tare da kai gaban Allah.

Allah Ya sa mu dace, amin.