Yadda ake lissafin turjiya da wat kafin a ja wayar sola

A Waca da ƙauyukan da ke tsakanin Magarya da Dungas, gidaje da yawa da faifan sola da batir mai bolt 12 suke kunna fitila da fanka. Ko inda layin kamfanin wuta na NIGELEC ya kai, an ji jiki lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar a Agustan 2023. Abin da ke damuna shi ne da ido ake yawan haɗa wayar, alhali awo biyu da ɗan lissafi sun isa su ceci batir.

Da farko a auna turin wutar, wato bolt. A juya mitar awon wuta zuwa DC, a ɗora jan tsinke a kan fulus na batir, baƙi a kan mainos. Daga nan sai gudun wutar, wato amfa. Nan ne ake ƙona mita. Sai a mai da jan tsinken ramin da aka rubuta 10A, a cire waya ɗaya daga jikin kayan da ake son aunawa, a sa mitar a tsakani yadda wutar za ta ratsa ta cikinta. Kada a kuskura a ɗora tsinkayen a kan kawunan batir a wannan hali.

Lambobi biyu sun samu. A ce talabijin ta ja amfa 5 a kan bolt 12. A ninka su: 12 sau 5, wat 60 ke nan, abin da take ci. A raba bolt da amfa: 12 a raba 5, om 2.4, ita ce turjiyarta a lokacin da take aiki. Georg Ohm, Bajamushe, shi ya wallafa wannan ƙa'ida a 1827. Batir mai 100Ah kuwa yana ɗauke da wat 1,200 na awa guda, amma batirin dalma rabinsa kawai ya kamata a sha, wato awa 10 ga wannan talabijin.

Inda lissafin ya fi amfani shi ne waya, domin ita ma tana da turjiyarta. Wayar tagulla mai kaurin 1.5mm² tana da kusan om 0.012 a kowace mita ta tsawo. Idan batir yana zaure, talabijin tana ɗaki, tazarar mita 10, wutar za ta je ta dawo, mita 20 ke nan, kusan om 0.24. A ninka da amfa 5: bolt 1.2 ya zube a hanya, wat 6 ya zama zafi a cikin waya. Kashi goma cikin ɗari na wahalar faifan! A wutar gari mai bolt 220, wat 60 bai kai sulusin amfa ɗaya ba, shi ya sa siririyar waya take lafiya lau a can, amma a bolt 12 ta yi ɗumi, hoto ya riƙa ɗaukewa, maigida ya ɗora wa batir laifi.

Maganin shi ne a matso da batir kusa, ko a sayi waya mai kaurin 4, wadda asararta a wannan tazara ba ta kai rabin bolt ba. A kuma sa fis mai amfa 10 dab da kan fulus.